Ƙanena Ya Ce Yana Sha, Kai Ka Ce Wa Likita Ba Ya Sha

Zuwa ga Baba Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta zumuncin Hausawa mazauna Paris da Lyon.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ɗa yake yi wa uba, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara, da fama da jama'a. Allah ya ƙara girma.

Ni ne Mutari, ɗan amininka Malam Isa na Damagaram, ina zaune a La Courneuve ina dakon kwalayen kayan miya a kasuwar Rungis. Yayan Habibu. Na san da ka ga sunana ka san zancen. Na rubuta a fili ne, inda duk 'yan ƙungiya za su karanta, saboda na gwada talho ka ce in yi haƙuri, na ɗaga hannu a taro aka ce manya na magana. Ba ni da digiri, Baba, a ƙaramar sakandare na tsaya. Abin da na sani a ɗakin karatu na unguwa na tsince shi, da cikin jirgin ƙasa a hanyar aiki. Idan harshena ya yi kaifi ka yafe mini. Amma ba zan janye ko kalma ɗaya ba. Kuma Habibu ya ji wannan takarda daga farko har ƙarshe, shi ya ce in saka sunansa.

Na ɗaya. Abin da ya faru, saboda waɗanda aka gaya wa wani labari daban.

Habibu ya zo Lyon da burs, wato tallafin karatu, yana karatun lissafi. A gidanmu shi ne wanda ake nunawa da yatsa. Ranar da ya sauka, kai ka tarbe shi, domin mahaifinmu kafin ya rasu ya damƙa maka shi amana. Ka karɓi fasfonsa ka ajiye a gidanka, kamar yadda kake yi wa duk ɗaliban da aka ba ka, wai kada su yar. Ba wanda ya ga laifin wannan, har ni.

A gidan ɗalibai ya fara shan tabar wiwi. Ba irin ganyen da muka sani a gida ba, wannan baƙin dunƙulen mai kama da daddawa da ake murmushewa a cikin taba. Da farko don ya yi barci, in ji shi. Daga baya sai da safe ma. A shekara ta biyu ya fara canzawa. Ya manne tagar ɗakinsa da jaridu. Ya ce maƙwabta suna sauraronsa ta ƙarfen ɗumama ɗaki. Wata rana da hantsi, cikin tsananin sanyi, aka same shi a tashar taram, jirgin cikin gari, ba takalmi, yana roƙon mutane su daina kiran sunansa. 'Yan pompiye, wato 'yan kwana-kwana, suka kai shi asibiti.

A nan wani abu ya faru wanda har yau yake ba ni mamaki. Yaron da yake rubuta jarrabawar jami'a da Faransanci, sai Faransancin ya ɓace masa ɗungurungum. Hausa kaɗai take fita daga bakinsa. Aka kira ka, tunda lambarka ce a takardunsa, ka zo ka zauna tsakaninsa da likita a matsayin tafinta.

Likita ya tambaya ko yana shan wani abu. Habibu ya ce yana shan wiwi, kullum, tun shekarar farko. Kai kuma ka juya ka ce wa likita yaron ya ce a'a, ɗan gidan malamai ne, ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba, gajiyar karatu ce.

Baba, marar lafiya ya faɗi gaskiya a cikin haukarsa, mai hankali ya juya ta.

Ban san dalilin da ya sa ba su gwada fitsarinsa ba a wannan karon. Wataƙila sun ga dattijo mai furfura da digirin dakta ya ba da shaida, suka yarda. Suka ba Habibu maganin barci, ka ce iyali za su kula da shi, aka sallame shi. Ya koma ɗaki ɗaya, abokai ɗaya, dunƙule ɗaya. Ka kawo malami ya yi masa ruƙiyya da rubutun sha. Ba ni da ja da addu'a, ni ma na yi ta. Amma ana tofi a falo, yaro yana shiga banɗaki yana zuƙar abin da yake ƙara masa muryoyin da ake tofin don su tafi.

Na biyu. Yadda na sani.

Bayan wasu watanni ya naushi gilashin tagarsa, wai zai buɗe wa muryoyin hanya su fita. Jijiyar hannunsa ta yanke. Yatsunsa biyu na dama har yanzu ba sa lanƙwasawa, hannun da yake rubutu da shi. Wannan karon ni aka kira, na bar aiki na hau mota zuwa Lyon. Wata likita ce, mace, ta buɗe dosiyensa, takardun jinyarsa, ta ce a nan an rubuta ba ya shan komai, haka ne? Na fassara masa. Ya ɗago kai ya dube ni, idonsa jawur, ya ce:

"Yaya, ai na faɗa tun wancan karon. Baba Alhaji ne ya ce a'a."

Wallahi na ɗauka ciwon ne yake magana. Na fita waje na kira ka ina fatan ka ce ƙarya ne. Ba ka ce ƙarya ba ne. Ka ce rufin asiri ka yi mana. Ka ce in aka rubuta wiwi a takardar asibiti, labari zai kai purefektir, ofishin hukuma mai kula da takardun baƙi, a hana shi sabunta takardar zama, a yanke burs, a ji a Damagaram. Ka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Na koma ciki na tambayi likitar kai tsaye, ko abin da aka faɗa mata yana zuwa wurin 'yan sanda. Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce akwai abin da suke kira secret médical, sirrin marar lafiya, kuma abin da ya faɗa mata game da shan da yake yi ba na purefektir ba ne, ba na jami'a ba. Ka yi shekarun da suka fi shekaruna a ƙasar nan, Baba. Tambaya ɗaya ce, da ka yi ta. Ka hau rimin ka hango abin da babu shi, yatsun ƙanena suka biya.

Ba zan ƙara gishiri ba. Likitar ba ta ce wiwi kaɗai ya jawo ciwon ba. Ta ce ba wanda zai rantse a kan haka, akwai masu ɗauke da ciwon a ɓoye, hayaƙin ya tashe shi, musamman matasa. Amma ta ce da an san gaskiya tun farko, da ba haka aka bi da shi ba, kuma muddin yana sha, magani aikin banza zai yi ta yi.

Duk da haka ban kai maganar gaban kowa ba. Na ce dattijo ne, tsoro ne ya sa shi, ba mugunta ba.

Na uku. Taron barka da Sallah a Saint-Denis, wanda shi ya ƙarasa ni.

Kowa ya san ƙasar nan ta ɗau zafi a kan ko a halatta wiwi ko kada a halatta, rediyo da talabijin ba su da wata magana. Kwamiti ya ce bayan cin abinci a tattauna. Madalla. Wata 'yar'uwarmu daga Jos, Malama Rahila, mai karatun haɗa magani, ta ce ita tana ganin gara hukuma ta riƙe abin ta san ƙarfinsa da wanda ake sayar wa, da a bar shi hannun 'yan lungu. Wani ɗalibi daga Maraɗi ya ce ai ganye ne, Allah ya halicce shi kamar zogale, aka yi dariya. Sai ka karɓi mikoro, abin magana. Ka ce wannan muhawara ta masu ƙasa ce, ba tamu ba, domin alhamdu lillahi 'ya'yanmu ba sa taɓa wannan ƙazanta, tarbiyyar gida ta tsare su, kuma a duk shekarunka a nan ba ka taɓa ganin ɗan ƙungiya ɗaya da wannan matsala ba.

Aka tafa. Ina zaune a baya da farantin shinkafa a cinyata. A wannan lokacin Habibu yana kwance a Lyon da ɗinki a hannu. Na duba zauren, na ga samari a layin baya suna sunkuyar da kai suna murmushi, domin sun san wa da wa. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta gaji. Sakatare ya raɗa mini cewa in bari, manya na magana.

To ga abin da na so in faɗa. Ni ban san amsar dokar nan ba, kuma ban yarda da duk wanda ya ce ya san ta cikin sauƙi ba. Na karanta masu cewa a halatta, na karanta masu cewa kada a halatta, kowanne yana ɓoye rabin da bai yi masa daɗi ba. Mai cewa haramcin yana aiki, ya zo benenmu a La Courneuve da rana tsaka, ya ga yadda sai na nemi hanya wurin masu sayarwa kafin in hau matakalar gidana. Abin ya fi burodi sauƙin samu, shagon burodi yana da ranar hutu. Mai cewa ganye ne kawai, ya zo in kai shi ya ga yadda ɗalibin lissafi yake koyon riƙe cokali da hagu. Kuma tsoron dokar nan ne ya sa ka yi ƙarya, na yarda, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Amma ko majalisa ta halatta gobe, ko ta ƙara tsanantawa, wane amfani zai yi wa jama'ar da ta rantse ba ta da ciwon? Yaron da ya ji shugabansa ya ce babu irinsa a cikinmu, wurin wa zai je ran da ya fara jin muryoyi?

Na huɗu, kuma shi ne ya sa ban jira ba.

Makon jiya Inna ta kira ni daga Damagaram tana kuka. Ta ce ka gaya mata iskokin ƙasar Turawa ne suka shafi ɗanta, ko kuma hannun maƙiya, kuma ƙungiya ta yi karo-karo ta sayi tiken jirgi, da an sallame shi za a sa shi hanya ya zo gida ya sha iska. Ba wanda ya tambaye ni. Ba wanda ya tambayi likitarsa. Ba wanda ya tambayi Habibu, mutum baligi mai gemu.

'Yan'uwa da kuka sa hannu a aljihu, Allah ya saka muku, na san da zuciya ɗaya kuka bayar. Amma ku san abin da kuka saya. Yanzu ne magani ya fara kama shi. Yana da randebu, wato ranakun ganin likita, a kai a kai, yana zuwa wurin masu taimaka wa mutane su daina sha, kuma jami'a ta yarda ya maimaita shekarar. In ya hau jirgin nan, duk wannan ya yanke. Maganin da yake sha ban san ko za a same shi a can ba, in an samu ban san wa zai jure sayensa ba. Wiwi kuwa ba sai an nema ba a bayan tasha. Inna za ta yi ta yawo da shi gidajen masu magani tana neman aljanin da babu shi. Wannan ba jinya ba ce, Baba. Ɗauke shaida ne daga gaban idon mutane, don maganar da ka yi a Saint-Denis ta zauna daram.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga roƙona.

Ka mayar da tiken nan, a mayar wa kowa abinsa.

Ka kira Inna da bakinka ka gaya mata gaskiya. Ni na gaya mata, ta ce in ji tsoron Allah, Alhaji ba zai yi mata ƙarya ba. Kai kaɗai za ta yarda da shi. Ka ga nauyin da ke kanka.

Daga yau, duk wanda ƙungiya za ta tura asibiti tafinta, ya san aikinsa ɗaukar magana ne ya kai yadda take, ba wanke ta ba. In kunya za ta hana shi, ya zauna gida.

A taro na gaba a gayyato likita, a ba samari mikoro, dattawa su saurara ko sau ɗaya.

Sannan fasfon Habibu. Amana aka ba ka, kuma mai abu ya ce yana son abinsa. Ya ce ba zai tafi ba sai ya warke, sai ya gama abin da ya kawo shi.

Ban manta alherinka ba. Kai ka yi tsaye aka kai gawar mutanenmu gida ba sau ɗaya ba, kai ka sama wa da yawa cikinmu wurin kwana a farkon zuwa, har da ni. Shi ya sa abin ya yi mini ciwo haka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya tsare maka zuri'arka daga abin da ya same mu, ya ba ka ƙarfin zuciyar gyara wannan da hannunka.

Ranar da za a sallame shi zan kasance a asibitin. Akwai zama na ƙarshe da likita, kuma Habibu ya ce yana so ka zo, ka zauna a kujerar da ka zauna wancan karon. Ka zo da fasfo, ka bar tike a gida. Ba sai ka fassara komai ba, Baba. Faransancinsa ya dawo.

Wassalam.

Ɗanka,
Mutari Isa,
La Courneuve.