Waken da Muka Shuka da Levi

Lahadi, 15 ga Oktoba, 2023

Ana tashi daga sujada saurayina Levi ya goya Treasure a babur, a gaban kowa, suka yi hanyar Funtua. Treasure ɗin nan 'yar mai shagon magani ce. Ko inda nake bai kalla ba. Da yamma ƙanwarsa Victoria ta kawo saƙo, wai in yi haƙuri, kada in ƙara jiransa a bakin rijiya. Na ce to. Me zan ce? Na kasa cin tuwo, na ce wa Mama cikina ke ciwo.

Talata, 17 ga Oktoba

Ban fita ba. Ko tsakar gida.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Baba ya ce waken suya na gayaunata ya bushe, ganye ya zube, in ban yanke shi cikin kwanakin nan ba zai fashe ya watse a ƙasa. Shi masara ta sha masa kai, gayauna kuwa tawa ce, shi ya yankar min ita bana.

Amma iyakarmu ɗaya da gonar su Levi. Shi ya yi min huɗa da shanun babansa, ina biye da shi ina zuba iri. Yanzu kullum da safe yana can yana karyar masara. Yaya zan sunkuya ina aiki yana kallona?

Jumma'a, 20 ga Oktoba

Na yi wauta. Na jira rana ta take, lokacin da na san sun koma gida, na ɗauki lauje na tafi ni kaɗai. Duk gindin da na taɓa sai ƙas-ƙas, ƙwayar ta tarwatse. Layi biyu na yanka, rabin waken yana ƙasa. Na zauna ina tsinta ɗaya-ɗaya ina kuka, tururuwa na cizona.

Na san ba a yankan wake da rana. Tun ina ƙarama na sani.

Asabar, 21 ga Oktoba

Ashe Zaituna ta gan ni jiya. Maƙwabciyarmu ce, mai awara, tun aji ɗaya benci guda muke zama. Ta shigo ko gama sallama ba ta yi ba: "Liatu, wa ya aike ki yankan wake da azahar? Ko hankalin naki ma ya goya a babur ya tafi da shi?"

Na ji haushi na shige ɗaki. Ta biyo ni ta zauna a kan ƙafata. Ta ce jibi tana idar da sallar asuba za ta buga mana ƙofa, mu yanka da raɓa. Na ce ai Levi yana can da safe. Ta ce, "To sai me? Ki bar wa tururuwa wakenki saboda mai ƙaton kunnen nan?"

Kunnensa ba ƙato ba ne. To, kaɗan.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Ban je coci ba. Mama ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta fita. Da ma faɗa ta yi.

Litinin, 23 ga Oktoba

Mun je. Raɓa ta jiƙa mana zane har gwiwa, waken ya yi laushi, ko ɗaya bai fashe ba. Can sai ga Levi da buhu a kafaɗa. Ya ce, "Sannunku da aiki." Zaituna ce ta amsa da ƙarfi, "Yawwa, sannu direba!" Hankalina yana wajensa, lauje ya yanke ni a yatsa. Ta yagi bakin ɗankwalinta ta ɗaure min, ta koma ta tsaya ta ɓangaren iyakar, ni ina bayanta, har rana ta yi zafi muka tashi. Mun yanke rabin waken.

Da na dawo na yi kuka. Amma na ci abinci.

Laraba, 25 ga Oktoba

Mun gama yanka, mun shimfiɗa tamfol muna bugu. Zaituna ta ce in ɗauka kan Levi nake bugu. Dariya ta ƙwace min, daga baya na ji babu daɗi. Har yanzu in na ji ƙarar babur sai na waiga.

Asabar, 28 ga Oktoba

Yini na yi a gidan su Zaituna tana koya min awara da wakena. Na zuba ruwan tsami da yawa, ta ce wannan ko akuya sai an roƙe ta. Ta biyun ta yi kyau. Ina tsaka da suya Victoria ta zo saya, ta raɗa min wai Levi yana tambayar yatsana. Na ce ta ce masa lafiya lau, na juya awarar kada ta ƙone.

Sai da ta tafi na lura ban tambaye ta komai a kansa ba. Wataƙila don mai yana kan wuta ne.

Mama ta goge min zanen coci ta ajiye a kan gado. Ban ce zan je ba. Na dai wanke takalmina.