Lambar Sirrin Haruna

Talata da dare, garin Isa

Yau ma hadari ya haɗu gabas, iska ta watsa shi. Kowa ya tafi roƙon ruwa, aka bar ni ni kaɗai a ofis da kwamfutar da abokin aikina Haruna ya bari. Ta ƙi kama wayales. Tana ganin sabis ɗin sarai, amma sai ta ce ta kasa shiga. Na kashe na kunna, na matsa da ita kusa da na'urar wayales ɗin, duk a banza.

Na kira shugabarmu. Ta ce, "Malam Bello, ai an canza lambar sirri, ita kuwa tsohuwar ta riƙe. Ka sa ta manta da sabis ɗin, sannan ka shigar da sabuwar."

Tsohuwar, Haruna ne ya sa ta: sunan bijimin huɗarshi. Da ciyawa ta ƙare ya sayar da shi kasuwar Bafarawa, ya shiga motar kudu. Tun ranar ni kaɗai nake cin abincin rana.

Na daɗe da yatsa bisa madannin mantawar kafin in danna. Nan take ta manta, na sa sabuwar, ta kama, ko gardama babu.

Gobe za ni sake gwada lambar wayarshi. Tun azumi take kashe.