A Ba Ni Ajiyata Kafin Dashen Albasa

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta ajiya ta ma'aikatan lafiya,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan kwamiti. Ni ce ungozomar da ta yi aiki Lambara, yanzu ina Danchadi. Ka san ni, don ni na karɓi haihuwar ɗiyanka biyu. Na faɗa wa sakatare kukana, ya ce doka ce. Shi ya sa na rubuto a fili, don kukan ba nawa ba ne ni kaɗai.

Fiye da shekara ashirin ana cire ajiyata daga albashi kowane wata, ban taɓa fashi ba. A ƙarshen shekarar nan zan aje aiki, kuma kowa ya san fansho ba ya zuwa washegarin ritaya. Mijina ya rasu, ina da 'yan makaranta a gida. Me za mu ci kafin fansho ya fara?

Na samu amsa, Alhamdu lillahi. Wani dattijo maƙwabcina, Kawu Sambo, ƙarfinsa ya ƙare, zai sayar da 'yar fadamarsa mai rijiya. Ya ce ni ya fi so in saya, kuma zai jira ni har ruwa ya ɗauke, lokacin dashen albasa. In ya wuce haka, akwai mai saye a hannu, ba kuma zan ga laifinsa ba. Abin da na tara bana, haɗe da kason da ake riƙe wa kowa har ya yi ritaya, ya isa. Amma kuɗin na kulle. Ga inda dokar ta matse mu:

Na ɗaya, lokacin rabo. Tun kafuwar ƙungiya ba a rabo sai ana gab da Babbar Salla, har kason mai ritaya sai ya jira Sallar da ke gaba. Haba, ranka shi daɗe! Kuɗin da ya shigo hannu ana saura kwana kaɗan Salla, sunansa rago da atamfa da takalman yara. Iyayen ƙungiya sun yi haka da kyakkyawar niyya, don kada ma'aikaci ya ji kunyar iyalinsa. Amma fadama ba ta san Salla ba, damina da rani ta sani.

Na biyu, kuma wanga ya fi ci mini rai: yadda ake rabon. A tara mu a zaure, a ɗauki lasifika, a kira sunan mutum, a faɗi abin da ya samu, a tafa. An ce don gaskiya ta fito ne. To, ta fito, har ta riga ni isa gida! Kafin in sauka daga kan kabukabu, 'yan barka sun cika tsakar gidana. Wannan za ta aurar da ɗiya, wancan matarsa na asibiti, ga ɗan ƙanena da kuɗin jarrabawa. Duk nawa ne, ba kuma ƙarya suke ba. Da wace fuska zan ce babu, alhali an shelanta akwai? Ban yi nadamar zumunci ba, wallahi. Amma na yi kuka bara, da na ga ajiyar shekara guda ta ƙare kafin a gama suyar naman layya.

Ban fid da rai ba, don na ga aikinka. Kai ka sa ake juya taro tsakanin Boɗinga da Shagari, matan ƙauye suka huta da doguwar tafiya. Wanda ya iya wannan, ya iya abin da nake roƙo.

Roƙona shi ne, wanda ya kusa aje aiki a ba shi damar zaɓen lokacin karɓar ajiyarsa. A kuma daina kiran kuɗin mutum da lasifika. A tura masa ta banki, kwamitin bincike ya gani, ya isa shaida. Wanda ke son nasa rabon a Salla, a bar masa abinsa. Sannan a kira taro kan wannan tun ruwa bai ɗauke ba, don abokan aikina mata biyu ma na shirin ritaya, kowace da abin da ta hango.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi ba ka ikon riƙe amanarmu, shi sa kai ma ka aje aiki da abin dogaro a hannu.

Ba zan ɓoye maka ba, na riga na yi gaba. Na sayi irin albasa na yafa a bayan ɗakina, ina ba shi ruwa kafin in tafi asibiti. Jiya na ga ya tsiro. Shi kam ba zai jira Salla ba, ranka shi daɗe, wurin dasawa yake jira.

Wassalam.

Yayarka,
Ungozoma Hajo, Danchadi