Inna, Na Sayar da Gidan Tasha

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Mu nan lafiya lau muke, ni da surukarki Rabi da jikokinki uku. Ta ukun ba ki san ta ba, sunanki ta ci, muna kiran ta Ummi.

Na san ba a kai wasiƙa inda kike, kuma ko da kina da rai ma sai an karanta miki. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya shekara biyar, gara in amayar da ita ko takarda ce ta ji. Maganar gidan Gagarawa Tasha ce. To, ki fara dariyarki tun yanzu, na ba ki izini.

Kin tuna ranar da na zo Ɗanzomo da labarinsa? Lokacin ina malamin awon gyaɗa a tasha, biro a aljihu, agogo a hannu, ina jin duk ƙasar Gumel ba wanda ya kai ni wayewa. Na ce miki wani ɗan kwangila daga Kano ya yi gini irin na birni, dogon gini ɗaya na siminti da rufin kwano ɗaya, an yanka shi kashi huɗu. Kowa ya sayi nasa ciki da falo da ɗan tsakar gida, rijiya kuwa ta kowa ce. Kika ajiye faifan da ke hannunki kika ce, "Wato bangonka na wani ne, rufinka na wani ne, rijiyarka ta wani ce. To kai me ka saya, ƙofa?" Na ce ai haka Turawa suke yi. Kika ce to ai ga shi sun tattara nasu sun tafi.

Shanunki huɗu na sa wa ido, waɗanda ke hannun Jauro Buba, Bafulatanin da ke yi mana kiwo tun Baba na da rai. Wata biyu ina bin ki da daɗin baki. Na ce gyaɗa tana ta daraja, jirgin ƙasa yana ta ɗiba, nan da shekara uku gidan zai ninka kuɗinsa in sayo miki takwas. Tambaya ɗaya kika yi mini: "Shi ginin nan naka yana haihuwa?" Na yi dariya har da riƙe ciki. Ban ba ki amsa ba, don a ganina tambayar ba ta kai a amsa ba.

A ƙarshe kika yarda, Jauro da kansa ya saye su, lokacin ana fam da sule, ba a kawo naira ba. Ranar cinikin ba ki fito ba, kika ce kanki ke ciwo. A cikinsu har da farar nan mai yagaggen kunne, wadda uwarta ta mutu kika raine ta da kunun gero a ƙofar ɗakinki.

Da na tare, na matsa sai kin zo kin zauna da mu kin ɗanɗani zaman birni. Kika zo a bayan akori-kura, ke da turminki. Na saya miki gado mai sifirin, kika danna shi da hannu sau ɗaya kika ce abin da ke motsi ba a barci a kansa, kika shimfiɗa tabarma a ƙasa. Gadon ya zama wurin ajiye ƙwarya. Maƙwabcinmu na dama tela ne, kekensa na ƙara tun safe, kika riƙa yi masa sannu da aiki ta cikin bango, shi kuma yana amsawa. Na hagu mahauci ne, kika ce ba ki taɓa ganin gidan da ake jin ƙamshin miyar wani a sha ta gida ba daɗi ba sai wannan.

Sai ranar turmi. Tsakar gidan ba inuwa, ko tsinke ba a shuka ba, rana kuwa ta take. Kika jawo turmi cikin falo kika hau daka. Na dawo daga awo na tarar da simintin ya tsage tun daga gindin turmin har bakin ƙofa. Na ce siminti ba ya son turmi. Kika ce, "Ƙasar Ɗanzomo shekara arba'in ina daka a kanta, ba ta taɓa kai ƙarata ba." Rabi ta shige ciki tana toshe baki da gefen zane.

Wata takwas kika yi a gidan, Allah Ya karɓi abinSa, a shekarar farin nan da ba wanda zai manta. Bayanki sai gari ya bi ki. Ruwa ya ɗauke, da ya dawo kuma ciwo ya shiga gyaɗa, ganye ya nannaɗe, ba 'ya'ya. Sikelina ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi gida a ƙugiyarsa. Jirgi ya koma wucewa yana yi mana ihu kawai. 'Yan dako suka watse, masu tuwo-tuwo suka bi su, malaman awo muka zama malaman hira. Gidajen da a da ake rububinsu suka koma kowa na neman wanda zai ɗora wa nasa.

Allah Ya taimake ni na sami aikin akawu a sabuwar ƙaramar hukuma a Gumel. Sai dai wurin zama. A Gumel fili kullum tashi yake don ma'aikata sun cika gari, a Tasha kuwa gidana kullum sauka yake. Muka raɓe a gidan Kawu Sale, ƙanin mahaifiyar Rabi, ɗaki ɗaya mu biyar. Inna, kin san nauyin zama a gidan surukai. Ko tari zan yi sai na auna shi. Kullum da safe in na durƙusa gaishe shi a zaure, sai ya bari mutane sun taru ya ce, "Malam, ya labarin gidan Turawa?" Dole in sayar da gidan nan in sami ko kango ne a Gumel, in fita daga bakin dattijon nan.

Na ba Ɗanladi dillali cinikin. Nan ne tarbiyyarki ta shigo, kuma ki tsaya ki ji ɓarnar da ta yi. Tun ina bin ki kasuwa da akuya kike ce mini, "Kada ka taɓa sallamawa a tayin farko. Ka ce albarka, ka kau da kai. Mai so zai dawo."

Mai saye na farko wani Alhaji ne mai fataucin fata daga Maigatari. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya taya kusan abin da na saya, saura kaɗan. Na ce albarka, na kau da kai kamar yadda kika koya mini. Ɗanladi ya taka mini ƙafa. Alhaji ya ce to madalla, ya fita. Na zauna a dokin ƙofa ina jiran ya juyo, har aka kira la'asar wuyana na kallon gabas. Ashe mutumin tuni ya shiga mota, ya sayi na wani a bayan tasha da arha.

Bayan wata bakwai Ɗanladi ya kawo na biyu, tsohon ma'aikacin jirgi da ya ajiye aiki. Shi ko bango bai taɓa ba, ƙasa ya kalla. Ya bi tsagar nan da sandarsa tun daga tsakiyar falo har ƙofa, ya ce ginin ya fara rabuwa, ya taya rabi. Na ce albarka. A hanya Ɗanladi ya ce don girman Allah in sayi siminti in shafe tsagar, ita ke karya mana ciniki. Na saya kuwa, rabin buhu, a lokacin da siminti ya fi nama tsada. Na ajiye shi a lungun falo na ce sai Asabar. Asabar ta yi ta zuwa tana wucewa har damina ta shigo ya sha danshi ya daskare. Yanzu shi ne kujerar gidan.

Na uku daga Damagaram ya zo da babbar mota, kuma tunda ya sauka sama yake kallo. Na ce a raina yau ga wanda ya san darajar gini. Ashe kwano yake ƙirgawa. Ba gida yake so ba, rufi da ƙofofi da tagogi yake saye ya kai can ya sayar. Tela ya sallama, mahauci ya sallama, mai shayin da ke ƙarshen layi ya sallama har da sakata. Aka zo kaina na ce albarka. Kafin azahar an yaye rufin sassa uku, aka bar nawa a tsakiya, kamar mutum huɗu a sahu, ɗaya ne kawai mai hula. Ɗanladi ya cire tasa hular ya share gumi ya ce, "Malam, ni fa iyalina ba sa cin tuwo da albarka."

Abin da na riƙa rarrashin kaina da shi ɗaya ne. Duk wanda ya tsokane ni sai in ce ai da na bar shanun ma da fari ya kashe su, gara ni ina da bango. Na faɗa wa Kawu Sale, na faɗa a ofis, na faɗa wa Rabi har ta haddace tana ƙarasa mini.

Ranar wata Alhamis aiki ya kai ni kasuwar Maigatari. Ina ratsa kara, wajen cinikin shanu, sai na ji an ce, "Ɗan Inna!" Jauro Buba ne, ya tsufa amma sandarsa na nan a kafaɗa. Ashe lokacin da fari ya matso, kudu ya yi da garkensa, ya shekara uku can ya dawo. Ya ja ni bayan kasuwa inda shanunsa ke kwance, ya riƙa nunawa da sanda: wannan 'yarta ce, wannan ma, waccan jikarta. Tara na ƙirga na daina. Ga ta nan a tsakiya, mai yagaggen kunne, tana tuƙa tana kallona. Wallahi Inna irin kallon da kika yi mini ranar da na ce haka Turawa suke yi.

Da ya ji labarin gidan bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya ce da rani kusa da Tasha yake sauka, kuma yana neman wuri mai rufi da zai tara harawa da dusa, ya kuma killace 'yan maruƙa. Muka je tare da Ɗanladi. Jauro ya ja guga ya kurɓi ruwan rijiya ya gyaɗa kai, ya leƙa falo, ya ce zai ba da karsana ɗaya mai ciki, jikar mai yagaggen kunne. Shanu huɗu suka shiga gidan nan, ɗaya za ta fito. Ɗanladi bai jira ba, tun kafin in buɗe baki ya ɗora ƙafarsa a kan tawa ya danna.

Bakina ya riga ya ɗauko albarka. Sai na duba ƙasa na ga a kan tsagar nake tsaye.

Inna, bari in faɗa miki gaskiya, tunda takarda ba ta da ido. Ƙarya na yi miki a sama da na ce tarbiyyarki ce. Ke da kika ce kada a sallama a tayin farko, ke ce kuma kike sallamawa in kasuwa ta fara watsewa, ba ki taɓa dawo da akuya gida ba. Ni ne ban son sayarwa. Duk ranar da na ce wa Rabi zan je nuna gida, zuwa nake in zauna a kan daskararren simintin nan in yi ta kallon inda gindin turminki ya zauna. Ranar da kika tsaga shi na ɗaga miki murya, a gaban surukarki, a kan siminti. Kika ba ni amsa da wasa, amma ba ki ƙara daka a gidan ba, gidan mahauci kike kai turmi. Na yi ta cewa gobe zan ba ki haƙuri, har goben ta zo ba kya nan. Abin yana ci mini rai har yau.

Na ce wa Jauro na sallama, amma da sharaɗi ɗaya, kada a shafe tsagar nan. Ya dube ni ya ce, "Ni da ban taɓa sayen siminti ba tunda aka haife ni?" Ɗanladi ya ɗauke ƙafarsa ya yi hamdala da ƙarfi har tattabarun da ke kangon tela suka tashi.

Da Jauro zai miƙo mini igiyar karsanar sai ya riƙe ta tukuna. Ya ce ranar da ya sayi shanun, ranar da kika ce kanki ke ciwo, kin aika an kira shi ta bayan gida. Kika ce masa, "Mai yagaggen kunnen nan kada ka kai ta mahauta. Yaron nan zai dawo nemanta, ka bar masa iri." Na juya na yi kamar ina duba rijiya, na daɗe ina duba ta.

Har yanzu muna gidan Kawu Sale, filin Gumel sai wani jiƙon. Amma ya bar maganar gidan Turawa, yanzu in na gaishe shi cewa yake, "Malam, ya mai jego?" Don ranar Talatar da ta wuce karsanar ta sauka lafiya a bayan gidansa. Mace ta haifa, fara. Ummi ce ta hana kowa sakat sai an bar ta ta kai mata kunun gero.

Saura amsar tambayarki da na riƙe shekara shida. A'a Inna, ba ya haihuwa. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki Ya sanyaya shi. Allah Ya ba ki gida a Aljanna wanda bangonsa naki ne, rufinsa naki ne, da inuwa a tsakar gida inda za ki ajiye turmi ba mai ce miki komai. Amin.

Ni ne ɗanki na fari,
wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.