Motar da Ka Bari a Yalwawa

Assalamu alaikum Yaya Sabo, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi.

Bayan gaisuwa, matarka Anti Binta ta fita takaba, yara kuma sun koma makaranta. Saura rabon gado. Alƙali ya ce a yi wa komai ƙima, shi ne dangi suka ɗora mini sayar da motarka, wai ni ne na fi kowa shigarta.

Ranar Asabar na je Yalwawa na yaye tamfol ɗin da aka rufe ta da shi. Tana nan ja, kamar ranar da ka kawo ta daga Kwatano mutane suna dariya, mai 'ya'ya biyar ya sayo mota mai kujera biyu. Ka ce musu wannan ba ta kai cefane ba ce.

Na kira Malam Audu bakanike ya duba. Injin lafiya lau, giya na shiga ba gardama. Amma rufin ya tsage ta baya, in ka naɗe shi sai mutum biyu sun taimaka ya dawo. Baƙin mai na ɗiga kaɗan. Ya ce kayan gyaranta sai Kano, a can ma sai an yi sa'a. Cikinta kuma ya yi ƙasa da yawa, in gwada ta a hanya marar kyau kafin mu yanke magana.

Shi ya sa na nufi garinmu Buji, ni kaɗai. Sau da yawa na juya zan gaya maka ta daki ƙasa, don na saba kai ne ke jin irin wannan kafin kowa.

Ban yi tunanin Inna ba, wallahi. Ina tsayawa a ƙofar gida sai ga ta a zaure, ba takalmi, hannunta duk gari. Ta ji ƙarar injin daga madafa. Ta dube ni, ta dubi kujerar gefe.

Da na fara ba ta haƙuri sai ta ce, “Na san ya tafi, Habu. Ƙafata ce ba ta sani ba.”

Ta ba ni fura na sha. Da zan tafi ta ce in faɗa wa mai saye duk aibinta, kada marayu su ci abin da ba nasu ba. Sannan a kai ta nesa, inda ba za ta ƙara jin ta ba.

Mutum biyu suka taya, Yaya. Na nan Dutse ya fi sakin hannu, amma Anti Binta da alƙali suka amince da na Kano. Jiya ya zo ya ɗauka. Na tsaya har ya sha kwana, sannan na tari acaba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya raya mana abin da ka bari.

Ƙaninka,
Habu