Ku Cire Hotona Daga Bangon Tasha

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ke fafutukar kare lafiyar mazauna garuruwan ma'adini, a Arlit.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, sau uku ina zuwa bironku, wato ofishinku, ana ce mini ka yi tafiya. Shi ya sa na rubuto a fili.

Sunana Rabi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tuyar waina a bakin tasha. Ni ce matar da kuka liƙa hotonta a bango, kuka watsa a wayoyi, aka rubuta a ƙasa wai ƙurar uraniyom ce ta mai da ni haka.

Na ɗaya, wannan ba gaskiya ba ne. Haka aka haife ni a ƙauyenmu, can ƙasar Damagaram: fata sirara kamar ɓawon albasa, yatsu uku a hannun hagu, farata a tsattsage, haƙora ƙanana masu ramuka. Haka mahaifiyata take, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa taka Arlit ba. Likitan fata a Yamai ya duba ni, ya ce ciwon gado ne, ba kasafai ake ganinsa ba, kuma ba a ɗaukarsa. Takardarsa tana hannuna.

Na biyu, ba a nemi yardata ba. Gab da azumin bara ma'aikaciyarku ta zo, ta ce ana rubuta marasa lafiya don a sama musu magani. Na zayyana mata duk wannan. Ta ce ba komai, hoton na cikin dosiye ne kawai, wato takardun ajiyar ofis. Na buɗe mata hannun da tun ina yarinya nake ɓoyewa a mayafi.

Na uku, ga abin da ya biyo baya. Na sha wuya kafin mutanen garin nan su saba da ni, su daina kallon hannuna, su kalli wainar. Yanzu direbobin da ke karyawa a wurina suna gaishe ni daga nesa su wuce. Ƙullun da nake gamawa kafin hantsi yakan kai azahar ya yi tsami. Mijina ya rasu, ba ni da ɗa, ba ni da dangi a nan sai maƙwabciyata Hajara, wadda muke cin tuwo kwano ɗaya. Yanzu ita ma ta ware mini kwano. Ranar sunan jikarta na miƙa hannu in ɗauki jaririyar, sai ta ce barci take yi. Idon yarinyar biyu.

Ba ni da ilimin faɗin abin da ƙurar ke yi wa jama'a, kuma ban raina aikinku ba. Amma in akwai waɗanda ta cutar, su ya kamata ku nemo. Ƙarya a kaina ba za ta warkar da su ba.

Roƙona biyu ne. A cire hoton ko'ina yake. Sannan ka faɗa a rediyo, da Hausa da harshen Tamajak, cewa kuskure aka yi, ciwona na gado ne, ba ya yaɗuwa. Ba diyya nake nema ba. So nake a sake zama kusa da ni.

Allah Ya yi maka jagora, Ya raba ka da ɗaukar alhakin wanda ba shi da mai tsaya masa.

Wassalam.
Rabi mai waina, Arlit.