Jakin Kawu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen shago. Na san in na turo saƙo ta waya ba za ka amsa ba, ka sha cewa wasiƙar da hannu bai taɓa ba iska ce. Shi ya sa na zauna na bugo wannan.

Kawu, an ɗora mini wani aiki a ofis, kuma tun ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Ka san manhajar kamfaninmu ta tsara shafi, wadda kusan duk manyan gidajen buga littattafai ke aiki da ita. Har yau a kan kwamfutoci masu tsarin da ake saya kaɗai take tafiya. To, shugaban sashenmu ya ce in rubuta rahoto: shin kamfani ya kai ta kan buɗaɗɗen tsari, irin wanda ka koya mini, da kowa ke saukewa kyauta, ya leƙa cikinsa, ya gyara? Eh ko a'a, da dalili. Wata biyu ya ba ni. Wai ni ya zaɓa don duk hawa na shida ni kaɗai na san mutanen can.

Na san abin da eh take nufi. Shekara goma sha huɗu ke nan kana renon Jaki. Ina 'yar makaranta ka fara rubuta shi a teburin nan na bayan injin yanka takarda, don ƙananan maɗaba'u masu tsofaffin kwamfutoci su sami abin tsara shafi. Su suka raɗa masa suna, wai ba ya gudu amma ba ya yar da kaya. In tamu ta sauka can, ina tsoron kowa zai sauka daga Jaki ya hau mota.

Ban rubuta ko layi ɗaya ba tukuna. Ka faɗa mini abin da ka gani. A gaishe mini da Umma in ta leƙo.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, muna lafiya, alhamdu lillahi.

Kin tambayi abin da na gani. Kura na gani ta yi sallama a bakin garke tana tambayar ko akwai wurin baƙo. Ki rubuta musu a'a, ki ja layi biyu a ƙasa.

Kada ki ɗauka kishin Jaki ke cina. Na san Jaki ciki da bai, na san inda yake ɗingishi. Manhajarku ta fi shi, ban taɓa musu ba. Amma ki duba yadda abin zai tafi. Za su zo da fara'a. Mai shago zai yi shekara biyar yana zuba aikinsa cikin fayil ɗinsu, fayil ɗin da babu mai buɗe shi sai su. Daga nan ya zama nasu. In sun ce ya sabunta kwamfuta, ya sabunta. In sun ce sun canza doka, ya bi. Kafin nan mutum huɗu biyar da ke aiko mini da gyara sun watse, don wa zai ɗinke tsohuwar riga ga sabuwa a rataye? Sai wata rana wani mai kwat a hawa na ashirin ya duba takarda ya ce mutanen nan ba su da yawa, a janye. Ba mota, ba jaki, sai tafiyar ƙasa.

Ba tatsuniya nake miki ba. Wani kamfani ya taɓa yi mana haka da manhajar gyaran launi. Shekara uku ya yi ya kwashe kayansa, har yau akwai faifai cike da aikin mutane a aljihun teburina, babu mai iya buɗewa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuma ni abin da ya fi ba ni haushi, wai ke aka zaɓa. Sun san abin da suke yi. Ni na ɗora miki yatsu a kan madannai, kina kuka wai haruffa ba sa bin layin abacada. Yanzu ke za ki riƙe musu fitila su ga hanyar gidana.

Kada girman rubutun nan ya dame ki, wani sabon harafi nake gwadawa.

Allah Ya yi miki albarka duk da haka.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarka sau uku. Maganar fitila ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai ka koya mini in aka kawo aiki a duba takarda, kada a duba fuskar mai ita, saboda haka na bar kujerata na shiga shaguna.

Na je wajen Mai Kalanda, matar nan da ke kan Jaki tun farkonsa. Na same ta da kwamfuta biyu a ɗaki ɗaya da ko juyawa ba a yi. Ɗaya ta aiki, ɗaya kuma an lulluɓe ta da tsohon zane, ba ta da wani amfani sai buɗe fayil ɗin kamfaninmu in abokin ciniki ya aiko. Ta ce bara ta rasa aikin littafin lissafi na makarantu, don Jaki ya buɗe fayil ɗin ya watsa jadawalin, bakwai ta koma ƙarƙashin tara. Ba ta zage ka ba, sai addu'a take maka. Da na tambaye ta ko tana son tamu ta zo, sai ta ce, “Kada ki gaya wa Malam, amma ina da ma'aikata shida.”

Shago goma sha ɗaya na zaga. Bakwai sun faɗi irin wannan, kowa da nasa kada ki gaya wa Malam. Biyu suna bayanka ɗari bisa ɗari, ɗayansu har ya kore ni da ya ji inda nake aiki. Kuma na haɗu da yara masu tasowa da suke son buɗaɗɗen tsari amma ba sa zuwa, saboda manhaja guda ɗaya da babu. Tsoronka gaskiya ne, Kawu, na rubuta shi a rahoton yadda ka faɗa. Sai dai mutanen nan sun riga sun shiga hannun kamfani, ta bayan gida kawai suke bi.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Na leƙa shafin da masu amfani da Jaki ke kai ƙorafi. Rabonka da amsa wata bakwai. Kai da in aka rubuto da safe kafin azahar ka gyara har ka yi wa mutum faɗa a kan waƙafi. Sannan wasiƙarka. Wannan ba sabon harafi ba ne, tsohon ne, girma aka ƙara masa. Shafi na biyu ya karkace, kuma akwai layin da ya fito sau biyu. Kai ne fa ka sa na sake buga kati ɗari biyu don gefe ɗaya ya fi ɗaya da ƙwayar gero.

Kawu, mene ne?

Taka,
Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina cin abinci, don na san halinki in aiki ya taso. Ki yi haƙuri da rubutuna, ni ban iya na'urarku ba, biro na sani.

Kawunki ba zai amsa miki ba. Wasiƙarki tana nan a aljihun rigarsa yau kwana tara, kuma ni na karanta masa ita, don haka kin ga amsar tambayarki tun kafin in faɗa. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya miki ba. Na yi, ga shi na karya, Allah Ya yafe mini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Idonsa ne. Tun bara abin ya fara, ya ɓoye wa kowa. Ni ma wata uku da suka wuce na gane, da na shiga shago na tarar da shi hancinsa na goga gilashin kwamfuta, ga madubin ƙara girma a hannu. Na miƙa masa shayi, ya kai hannu gefen kofin ya damƙi iska. Na ja shi asibiti yana ta masifa a hanya kamar ni na sa masa ciwon. Likita ya ce jijiyar ce, ba irin wanda ake yi wa aiki ba. Magani zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi.

Masu shaguna da suka ga ba ya amsa saƙo sun koma zuwa da ƙafarsu. Kowa ya zo sai ya ce masa mako mai zuwa. In sun fita ya zauna ya dafe kai. Yayana ne, tun muna yara na san taurin kansa, ko ƙaya ta soke shi sai ya ce tsayawa ya yi ya huta. Amma ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai bana. Da na karanta masa maganar Mai Kalanda, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce ma'aikatanta bakwai ne, ta manta da mai ɗinkin littafi.

Ni ban san eh ɗinku ba, ban san a'arku ba. Jaki dai na san na kiwo, wannan na cikin kwamfuta ban taɓa ganin ko jelarsa ba. Abin da na sani, kada ki yi ƙarya don ki faranta masa. Zai gane, kuma ba zai yafe miki ba.

Ki kula da kanki.

Ummanki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Na ƙara wa haruffan nan girma don ka karanta da kanka, ba sai an karanta maka ba. Umma ta gaya mini. Kada ka yi mata faɗa, da ma na riga na gani a shafi na biyu.

Ranar da wasiƙarta ta zo na zauna na rubuta a'a. Shafi uku, da duk dalilanka, kuma sun tsaya da ƙafarsu. Na ce ido na tafiya, ba zan zama ni ce na karɓe maka abin da ya rage ba. Har na kai ƙofar ofishin shugaba da takardar. A nan na tambayi kaina, in na ce a'a, wa zai gyara wa Mai Kalanda jadawali baɗi? Ba kai ba. Ba ni ba, don takardar da na sa wa hannu ranar da aka ɗauke ni aiki ta hana ni rubuta ko layi ɗaya a manhajar da ke gogayya da tamu. A'ar nan taka ce kai kaɗai, ba ta masu shaguna ba. Na koma kujerata na yaga ta.

Jiya na miƙa eh. Ban jira izininka ba, don in na jira na ɗora maka kayan da nawa ne.

Amma na sa sharaɗi a shafin farko, tsoronka ne na mayar da shi doka. In kamfani zai shiga gidan mutane, ya bar ƙofa a buɗe: ya bayyana wa duniya yadda fayil ɗinsa yake a ciki, ta yadda Jaki, ko duk wanda ya gaje shi, zai buɗe aikin mutum ko da kamfani ya kwashe kayansa ya tafi. Shugaba ya karanta ya yi dariya, ya ce wannan sakin layin shi na sama za su fara sokewa. Na ce in sun soke shi su soke sunana. Ban san ko za su ji ba. Wataƙila kai ke da gaskiya, na buɗe wa kura garke.

Na san zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ka yi fushi da ni, na ɗauka. Amma kada ka yi mini shiru, shirun ne ba zan iya ba.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Shafi ba ya ɗaukar magana da yawa yanzu.

Har gobe ban yarda da su ba.

Ga littafina baƙi a cikin ambulan. Ƙorafin masu amfani da Jaki ne na shekara goma sha huɗu, duk inda ɗakin nan ke yoyo. In za su zo wa mutanena, su zo da sani.

Akwai saƙo sittin da uku a shafin ƙorafi da ban iya karantawa ba. Rubutu suka hana ki, ba su hana ki karatu ba. Ki zo ranar Asabar, na share miki teburin bayan injin.

Kawunki